Ɗan yayata zai cike fom ɗin soja: ta ƙofar masu sana'a ko ta gama-gari?

Kawun Yaro, Agege:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin soja daga ciki, domin al'amarin da ke gabana ya fi ƙarfin sanina. Akwai ɗan yayata da ke hannuna tun yana aji ɗaya na babbar sakandare, bayan rasuwar mahaifinsa. Mahaifiyarsa tana Funtuwa, ni ne na ɗauko shi zuwa Agege. Yanzu shekarunsa 21, ya gama sakandare, kuma shekara huɗu ke nan yana koyon gyaran janareto da wayarin mota a wajen wani ubangidansa Bayarabe. Tun bayan babbar salla ya kafe a kan cewa soja zai shiga, ni kuma na daina ja da shi a kan wannan, tunda na lura ba zugar kwana ɗaya ba ce.

Abin da ya rage shi ne wane fanni zai nufa. Abokansa na unguwa suna nuna masa bidiyon sojojin ƙundumbala a waya, suna ce masa can ne maza suke. Mahaifiyarsa kuwa ta kira ni sau uku tana kuka, tana cewa in dai shigar ta zama dole, to in sa a ba shi aikin asibiti ko na ofis, kamar dai ni ne nake raba aikin. Ni a nawa ɓangaren, abin da ke ci mini rai shi ne shekara huɗun da ya yi yana shaƙar hayaƙin janareto, kada su tafi a banza. Sai dai ba shi da wata takarda da ke nuna ya iya aikin, in ban da shaidar baki ta ubangidansa da tabon da ruwan batir ya bar masa a bayan hannu. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, ko da ba mai daɗi ba ce.

Tsohon Saje, Ojo:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya saka maka da alheri a kan riƙon maraya. Na yi shekara 30 cikin kaki, mafi yawansu a sashen injiniyoyin lantarki da kanikanci, saboda haka zan faɗi abin da na gani da idona.

Da farko ina so ka cire wa kanka da yayarka tunanin cewa soja kanti ne da mutum zai shiga ya nuna abin da yake so a ɗauko masa. Abin da kurtu yake zaɓa da kansa kaɗan ne, amma kaɗan ɗin nan yana da nauyi, kuma a kan fom ake yin sa. Rundunar sojan ƙasa tana ɗaukar kurata ta ƙofa biyu. Ta gama-gari ta masu shekara 18 zuwa 22 ce, kuma ana neman sakamakon sakandare mai darussa huɗu da aka ci, har da Turanci, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Ta masu sana'a kuma tana buɗe har zuwa shekara 26, amma bayan sakamakon sakandaren sai mutum ya kawo takardar gwajin sana'a da hukuma ta san da ita. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, kuma ya kasance bai yi aure ba. Kowace shekara dai a karanta tallan da kyau kafin a taɓa fom.

Ta kowace ƙofa ya shiga, horon farko ɗaya ne. Mu a Daffo na Zariya, cibiyar horar da kurata, muka yi namu, kimanin wata shida, aski ɗaya, fareti ɗaya, bindiga ɗaya, babu wanda ya tambaye ni ko na san sifana. Sai bayan an yaye kurata ake rarraba su zuwa sassa gwargwadon buƙatar runduna a wannan lokacin. Wanda aka tura sashen dakarun ƙafa, Jaji ce makarantarsa. Masu tankokin yaƙi Bauchi suke zuwa, masu igwa Kachiya, masu gina gadoji da kwance nakiya Makurɗi. Namu sashen, wanda ya dace da yaronka, makarantarsa tana Auchi a jihar Edo, ta sigina, wato sashen sadarwa, kuma ga ta nan kusa da mu a Apapa. Wanda ya shiga da takardar wayarin mota yana da babbar dama a kai shi inda ake buƙatar wayarin mota, domin runduna ba ta son ɓarnar hannun da ya riga ya iya aiki. Amma wanda duk ya rantse maka cewa lallai can za a kai shi, to ya faɗi abin da ba ya hannunsa.

Sannan kada mahaifiyar yaron ta ɗauka bakanike yana zaune ne a inuwa. A Laberiya, zamanin ECOMOG, wato dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, na taɓa kwanciya a ƙarƙashin babbar mota cikin taɓo da tsakar dare, tocila a bakina, bindiga a gefena, ayari duka yana tsaye yana jiran in gano wayar da ta tsinke, kowa ya yi tsit saboda ba mu san wanda ke cikin dajin ba. Inda mota ta je, nan mai gyaranta yake zuwa.

'Yar Jinya, Idi-Araba:

Baba Saje ya riga ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai zan tsaya ne a kan burin mahaifiyar yaron, domin na fahimci abin da ke zuciyarta. Sashen lafiya na soja ba wurin ɓuya ba ne, kuma waɗanda suka fi samun shigarsa kai tsaye su ne masu takardar aikin jinya, ko ta ɗakin gwaje-gwaje, ko ta harhaɗa magunguna, wato waɗanda suka riga suka yi shekaru a makarantar kiwon lafiya. Gaskiya ne akwai manyan asibitocin soja irin na 68 da ke Yaba da na 44 da ke Kaduna, amma ma'aikacin lafiya na soja yana bin dakaru har bakin daga, shi ne yake ɗaure rauni a inda aka ji shi. Yaron da hannunsa ya saba da waya da batir, in aka tura shi ga allura saboda tsoro kawai, an raba shi da abin da ya iya, kuma tsoron bai tafi ba.

Shawarata ga Kawu ita ce ya kai yaron babban asibiti tun yanzu a duba shi sosai: ido, hawan jini, ƙirji, jini da fitsari. Mai aikin janareto a duba masa kunne musamman, saboda shekara huɗu cikin wannan ƙara tana iya rage ji ba tare da mutum ya sani ba, kuma wanda zai yi wayarin ya kamata a tabbatar yana bambance launuka. Yara da yawa suna shan wahalar tafiya wurin tantancewa, sai likita ya mayar da su gida a kan abin da za a iya ganowa tun a Legas. In yana da zanen tatu a jiki, ko yana taɓa wasu ƙwayoyi tare da abokai, gara a sani yanzu.

Ɗan Kasuwa, Mile 12:

Ni a ganina duk wannan dogon bayani bai taso ba. Maraya ne, uwarsa tana kuka, ga sana'a a hannunsa. A haɗa masa jari ya buɗe shagonsa, a bar maganar soja a halin da ƙasar nan take ciki.

Mai Kula da Zaure:

Alhaji, mun ji ra'ayinka, kuma ba a raina shi ba. Sai dai mai tambaya ya faɗa tun farko cewa an wuce wannan matakin a cikin gidansu, abin da ya nema shi ne shawara a kan fanni. Mu tsaya a kan abin da aka tambaya.

Ma'aikacin Tasha, Apapa:

Ina mamakin yadda har yanzu babu wanda ya ambaci sojan ruwa, alhali a Legas muke. Ni ba soja ba ne, amma shekara 18 ke nan ina aiki a tashar jiragen ruwa, kuma ina ganinsu kullum. Hedikwatar shiyyar yamma ta sojan ruwa a nan Apapa take, gidajensu suna Ojo, ma'aikatarsu ta gyaran jirage kuma tana Victoria Island, inda aka ƙera jirgin NNS Andoni da aka ƙaddamar a 2012, aka biyo da NNS Karaduwa a 2016 da NNS Oji a 2021. Jirgin ruwa, in ka cire masa bindigogi, babban janareto ne da ke yawo a kan teku. Wutarsa, famfunansa, na'urorin sanyayawarsa, duk suna buƙatar irin hannun wannan yaro. Horon farko a Onne ake yi a jihar Ribas, kwalejinsu ta injiniya kuma tana Sapele.

Dalilin da ya sa nake jan hankalin Kawu can shi ne abin da ke bayan ritaya. Na san tsofaffin sojojin ruwa da suka ajiye kaki suka samu aiki a jiragen 'yan kasuwa da kamfanonin da ke hidimar rijiyoyin mai, saboda injin jirgi injin jirgi ne ko na waye. Ba zan ɓoye wahalarsa ba: akwai makonni a kan teku ba ka ganin ƙasa, akwai amai da jiri ga wanda bai saba ba, akwai kuma sintiri cikin ƙoramun Neja Delta a kan ɓarayin ɗanyen mai, wanda ba wasa ba ne. Sannan a tallan da suka saba fitarwa, kiredit biyar suke nema har da Turanci da lissafi, wato sun fi sojan ƙasa tsauri a takarda.

Kawun Yaro, Agege:

Na gode muku ƙwarai. Malam na Apapa, maganarka ta shige ni, sai dai na ɗauko sakamakonsa na WAEC na duba: yana da kiredit biyar har da Turanci da fiziks, amma lissafi D7 ya samu. Game da ruwa kuwa, wanda ya sani shi ne wanda ke cika layinmu in an yi ruwan sama, ko iyo bai iya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar shekaru da Baba Saje ya yi, domin a watan Maris mai zuwa zai cika 22.

Malamin Makaranta, Obalende:

To a nan ne lissafin yake, kuma ina roƙon Kawu ya zauna da takarda da biro. Ƙofar gama-gari ta kusa rufe wa yaron nan. In ya yi sa'a, ɗauka ɗaya ce ta rage masa, in bai yi nasara ba shi ke nan. Ƙofar masu sana'a kuwa tana ba shi ƙarin shekara huɗu, wato damar gwadawa fiye da sau ɗaya, kuma kowa ya san masu nema sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba. Saboda haka takardar sana'a tana buɗe masa hanyar fannin da ya iya, tana kuma tsawaita masa lokaci.

Takardar da ake magana a kai, ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ce take bayarwa bayan gwaji na rubutu da na aikin hannu, kuma matakai uku ne: daga daraja ta uku ake farawa, a hau ta biyu, sannan ta ɗaya. An yi ta ne daidai saboda irin wannan yaro da ya koyi aiki a gareji ba a aji ba. Ya je ofishinsu da kansa, da wasiƙar ubangidansa mai nuna shekarun da ya yi, kada ya karɓi wadda wani zai kawo masa gida ba tare da ya zauna gwaji ba, domin a wurin tantancewa za a iya ajiye masa aiki a gabansa a ce ya yi. Lissafin kuma ya sake zama a jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO da ake yi a ƙarshen shekara. In ya samu kiredit, ƙofar sojan ruwa da ta sojan sama sun buɗe, tunda an yarda a haɗa zama biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani abin da yaranmu na Legas suke tuntuɓe a kansa shi ne jihar asali. Ana raba guraben ne jiha-jiha, kuma ana tantance mutum a jiharsa. Yaron nan ɗan Katsina ne, saboda haka takardar shaidar ƙaramar hukumarsa daga Funtuwa za ta fito, jihar Katsina kuma zai je tantancewa, duk da cewa a Agege ya girma. Abin da ban sha'awa, in aka tuna cewa rundunar da kanta tana ƙirga asalinta ne daga 1863 a nan Legas, lokacin da Laftanar Glover ya tara mutum 18 'yan Arewa, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Yaron ya tanadi kuɗin mota da kwanakin da zai yi, ya kuma sanar da ubangidansa tun da wuri.

Tsohon Dakare, Ijora:

Na daɗe ina karantawa ina haƙuri, amma dole in yi magana. Yadda ake ta bayani a nan, sai ka ce dakarun ƙafa su ne ragowar da ba su da sana'a, waɗanda aka rasa inda za a kai. Ni shekara 22 na yi a sashen, na yi Filato, na yi Borno tun kafin a sauya wa aikin suna daga Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai a 2021, kuma ina faɗa da babbar murya cewa abin da muke yi ilimi ne da ake koyo shekara da shekaru. Karanta taswira, gane sawu, sanin inda ƙasa ta canza launi saboda an binne abu, jagorantar mutum tara cikin duhu ka dawo da su tara, wannan ba a koyonsa a gareji. Duk sauran sassan saboda mu aka kafa su, kuma duk wanda ya duba manyan kwamandojin da suka riƙe rundunar zai ga akasarinsu daga sassan faɗa suka fito.

Ba na cewa babu farashi. Gwiwata ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, a zaune nake sallar nafila, kuma akwai lambobin waya a wayata da na kasa gogewa ko da yake masu su sun daɗe a ƙasa. Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne, tun da aka fara wannan muhawara, an ji ra'ayin kawu, an ji na uwa, an ji na abokai, ba a ji na yaron ba. Mutum mai shekara 21 da za a danƙa wa bindiga, ku kuna tsara masa rayuwa kamar ɗan firamare. In zuciyarsa tana daji kuka tura shi gareji, za ku samu bakanike mai ƙunci, kuma mota a hannun mai ƙunci haɗari ce ga duk wanda ya hau ta. Ku tuna kuma cewa wannan ba aikin da ake ajiyewa ranar da aka gaji ba ne. Wanda ya tafi ba izini, gudun soja ya yi, kuma doka tana hukunta shi.

Tsohon Saje, Ojo:

Ɗan'uwa, Allah Ya huci zuciyarka, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Ban raina dakarun ƙafa ba, kuma ba zan taɓa yi ba, domin daren nan da na ba da labari, su ne suka kewaye motar har na gama. Maganarka a kan jin ta bakin yaron kuwa gaskiya ce tsantsa, na karɓa.

Inda muka rabu shi ne bayan kaki. Lokacin da ritayata ta matso, an tura mu cibiyar sake tsugunar da sojoji da ke Oshodi, inda ake koya wa masu barin aiki sana'a na wata shida, na ƙasa da na ruwa da na sama gaba ɗaya. Cibiyar tana ƙoƙari, akwai kiwon kaji, walda, kafinta, ɗinki da sauransu. Amma na zauna kusa da wani samanja da furfura ta cika masa kai, jarumi ne da kowa ke sara masa, yana riƙe da kan walda karo na farko a rayuwarsa, hannunsa yana rawa, ya juyo ya ce mini, "Saje, kai ka zo hutu ne, mu muka zo makaranta." Ni kuwa wata biyu da fitowata na buɗe gareji, yau yara biyar suke koyo a ƙarƙashina, fansho kuma ya zama ƙari. Shi ya sa in na ga yaro da sana'a a hannu, nake jin ciwon a ajiye ta shekara 30.

Tsohon Dakare, Ijora:

Saje, na ji, kuma na san irin samanjan da kake nufi. Amma ni ma ban mutu da yunwa ba. Ina kula da masu gadi 40 a wani kamfani, kuma abin da na koya a daji ne ya ba ni aikin. Kowa da inda abincinsa yake. A dai tambayi yaron.

Mai Shago, Alaba Rago:

Kafin Kawu ya dawo, bari in faɗi abin da ya same ni, ko da yake ina jin kunyarsa. Shekara uku da suka wuce ƙanena ya nemi shiga, sai wani mutum da ke zuwa shagona, mai yawan kiran sunayen manya, ya ce yana da hanyar da za a sa shi kai tsaye a sashen kuɗi, ba zai taɓa ganin daji ba. Na ba shi naira dubu 250 a biya biyu, ya kawo mana wasiƙa mai tambari da sa hannu. Ƙanena ya yi aski, ya yi sallama da dangi, mahaifiyarmu ta soya masa nama, ya hau mota zuwa Zariya. A bakin ƙofa aka duba jerin sunaye babu nasa, kuma Allah ne Ya taimake shi aka gane an cuce shi ne, ba shi ya buga takardar ba. Mutumin kuwa layinsa a kashe har yau, yaron kuma shekarunsa sun wuce.

Fom ɗin kyauta ne, a shafin intanet na rundunar ake cikewa da lambar NIN, kuma rundunar da kanta tana nanata cewa ba a biyan ko kwabo. Na lura masu wannan damfara da alkawarin fanni suke kama mutane, domin sun san abin da uwa take tsoro.

Hajiya, Agege:

Kawu, ni uwa ce, ɗana na biyu yana cikin kaki yanzu haka. Kada ka gama wannan magana da yayarka a waya, zuwa da kai ya fi aike. Tunda dole yaron ya je Funtuwa neman takardar ƙaramar hukuma, ku tafi tare, ka zaunar da ita ka faɗa mata abin da Baba Saje da 'yar jinya suka faɗa ba tare da ka rage komai ba, har da cewa bakanike ma yana zuwa daji. In ka yi mata alkawarin ofis don ta daina kuka, ranar da aka tura shi Maiduguri kai za ta riƙe a zuciya. Albarkar da za ta sa masa bayan ta san gaskiya ita yaron yake buƙata ya tafi da ita.

Kawun Yaro, Agege:

Jama'a, ku gafarce ni da shirun kwana huɗu. Maganar Baba na Ijora ta hana ni barci, domin gaskiya ne ban taɓa zaunar da yaron na tambaye shi ba, umarni kawai nake bayarwa. Jiya na rufe shago da wuri na same shi a wurin aikinsu, ya baje cikin wani janareto a kan buhu, yana goge wani ƙarfe da tsohon buroshin haƙori da fetur. Na zauna a kan benci na ce, "Ɗana, yau ba faɗa na zo yi ba, faɗa mini abin da kake so." Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Kawu, ba aikin nake ƙi ba. Tsoro nake in shiga da wannan takarda, a mayar da ni mai tayar da janareto a gidan wani babba har in tsufa, abokaina suna can suna aikin soja, ni ina nan ina canza filogi da kaki a jikina." Ya ce in dai manyan motocin yaƙi ne zai riƙa gyarawa, yana bin su duk inda suka shiga, to wannan ya fi masa komai, amma in janareto ne, gara ya ɗauki bindiga kawai.

Ban san amsar da zan ba shi ba, shi ya sa na dawo. Abin da muka daidaita a kai shi ne zai nemi takardar gwajin sana'ar ko ta halin ƙaƙa, tunda ba ta hana komai, kuma ubangidansa ya yi murna har ya ce shi zai raka shi ofishin. Zai kuma sake zaman lissafi. Ƙofar da zai zaɓa a kan fom kuwa ya ce in ba shi lokaci har tallan ya fito. Wata matsala kuma ta ɓullo da muka baje takardu: a WAEC sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a katin NIN kuma sunan kakansa aka sa, har ranar haihuwar ta bambanta da wata ɗaya.

Malamin Makaranta, Obalende:

Wannan bambancin a gyara shi kafin komai, domin a wurin tantancewa ana jera takardu ne a kwatanta su, kuma irin wannan yana fitar da mutum daga layi kafin a kai ga gudu. A duba takardar haihuwarsa a ga wanne ne daidai, sannan a nemi gyaran a hukumar katin ɗan ƙasa ta hanyar da ta tsara, tare da takardar rantsuwa ta kotu. Gyaran yana ɗaukar lokaci, saboda haka a fara a wannan makon.

Tsohon Saje, Ojo:

Malam, tsoron yaron nan ba shirme ba ne, kuma ba zan yi masa ƙarya ba: akwai waɗanda suka yi shekaru a kan janareton bariki, ni ma na yi wata takwas a kansa ina farabiti. Abin da ke fitar da mutum daga nan shi ne kwasa-kwasan sashe da jarrabawar ƙarin daraja a sana'a, da kuma sunan da ya yi a wurin manyansa cewa in mota ta gagara a kira wane. Sannan ya lura da abin da zai rubuta a takardar gwajin: ya nemi ta wayarin mota, kada ya nemi ta janareto, tunda ya iya duka biyun, domin abin da ke rubuce shi ake gani kafin a ga hannunsa. Ka kawo mini shi gareji ranar Asabar, akwai wata tsohuwar babbar mota mai dizal da ta ƙi tashi, in ga yadda zai bi wayar.

Tsohon Dakare, Ijora:

In haka ne ni ma zan zo, Saje, kada ka cika masa kunne kai kaɗai. Zan faɗa masa abin da bidiyon abokansa ba ya nunawa, mai daɗi da marar daɗi, sannan mu bar shi ya yi tunani. Kawu, ku taho da takardunsa duka da takalmin gudu, ina so in ga numfashinsa bayan kilomita uku. Bayan la'asar ya yi muku?

Kawun Yaro, Agege:

Ya yi, ranku ya daɗe. Za mu taso daga Agege da azahar saboda cunkoson hanya. Baba Saje, don Allah ka turo mini kwatancen garejin ta saƙon sirri.